Rasuwar Dattijo, Dutsen Washin Baba Dogara Wanzami

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, tare da miƙa wuya ga hukuncin Wanda ba a tambayarsa dalili, Malam Dogara Wanzami, mazaunin hawa na huɗu a bayan layin masu waya da ke unguwar Dengfeng, yana sanar da 'yan uwa mazauna Guangzhou, na Kano da na Damagaram da na zangon Kumasi, da duk wanda ya taɓa cire hula ya sunkuyar da kai a gabansa, rasuwar abokin sana'arsa kuma mai rufa masa asiri, wato dutsen washin askarsa, wanda kowa ya sani da suna Dattijo.

Ya rasu shekaranjiya Laraba, tsakanin azahar da la'asar, a kan rufin bene, cikin tsakiyar rana, ba kowa a kansa. Jinyar kwana ɗaya ce. Shekarunsa kuwa Allah kaɗai ya san su, domin tun kafin a haifi mai aski da wanda za a yi wa askin yake kwance a cikin wani tsauni kusa da Kyoto ta ƙasar Japan, yana jiran askar wani Bakano.

Ya tafi ya bar aiki a hannu, kuma wannan ne ya hana Baba Dogara cin abinci tun ranar. Jibi Lahadi ne sunan 'yar Ghali mai kayan waya, jaririyar da matarsa Surayya ta haifa bayan shekarun da mutane suka daina yi musu tambaya saboda tausayi. Mahaifin Baba Dogara ne ya yi wa mahaifin Ghali askin suna a Kano. Baba Dogara ne ya yi wa Ghali nasa, yana saurayi sabon hannu. Yanzu ga ta uku ta iso a ƙasar mutane, da kai mai fata kamar ɓawon albasa, maɗigarta tana bugawa a tsakiya kamar zuciyar ɗan tsako, amma askar da aka yi alkawarin za ta hau kan nan ba ta da sauran inda za ta sha kaifi.

Masu tambayar yadda aka yi Bajapane ya zama ɗan gidan wanzamai, ga yadda abin ya faru. Shekara goma sha wani abu da suka wuce, wani tsoho ɗan Japan mai sayar da kayan kafinta ya rako wani abokin cinikinsa Bahaushe har ɗakin Baba, ya zauna a gefe yana jira a gama masa aski. A lokacin Baba yana wasa askarsa a kan dutsen kanti, irin mai fuska biyu da ake sayarwa tare da wuƙaƙen kicin. Tsohon ya miƙo hannu biyu ya karɓi askar, ya ɗaga ta a hasken taga, ya girgiza kai irin na likitan da aka kawo wa mara lafiya a makare. Sai ya nuna haɓarsa. Baba ya jiƙa, ya aske shi. Tsohon ya shafa fuska, ya rusuna, ya tafi. Da ya tashi barin ƙasar gaba ɗaya sai ga shi ya hawo benen nan yana haki, rungume da wani ƙunshi kamar mai ɗauke da jariri. A ciki akwai Dattijo da wasu 'yan ƙananan duwatsu farare guda uku, waɗanda a yarensu ake ce wa nagura.

Wayar tsohon ce ta yi musu tafinta, da Turanci mai ɗingishi. Ta ce ramin da aka haƙo wannan dutse an rufe shi tuntuni, ba za a sake haƙo ɗan uwansa ba. Ta ce ruwansa yayyafi ne kawai da yatsu. Kada ya kwana a ruwa. Kada ya ga rana. Baƙin shafen da ke gefensa da ƙasansa kuma rigarsa ce, kada a tuɓe masa. Baba ya riƙe wannan wasiyya yadda ake riƙe ta mahaifi. Laifinsa ɗaya, bai taɓa karanta ta ga kowa ba, don bai taɓa zaton akwai ranar da wani hannu zai taɓa Dattijo ba nasa ba.

Marigayin ba shi da girman jiki. Tsawonsa tafin hannu da rabi, launinsa na gwaiduwar dafaffen ƙwai, da 'yan ɗigo ja-ja a kusurwa ɗaya kamar wanda aka yi wa zanen gado. Wanda ya kalle shi ta gefe zai ga ba dunƙule ba ne, falle-falle ne, kamar littafin da aka danne tun farkon duniya har shafukansa suka manne da juna. Shafen nan baƙi shi ne bangon littafin.

Dattijo ne na gaske. Ba ya son gaggawa, ba ya son a matsa masa, kuma bai taɓa yi wa aska ƙarya ba: in ta yi kaifi zai nuna, in da saura zai nuna. Duk safiya bayan Baba ya dawo daga masallaci yakan shimfiɗa tsumma a kan benci, ya kwantar da shi, ya yayyafa masa ruwa daga buta. Sai ya ɗauki babban nagura ya riƙa shafa masa a hankali, zagaye-zagaye, har wani farin ruwa mai kauri ya taso a fuskarsa. Baba yana kiransa kunu. A cikin kunun nan ake kwantar da aska, bayanta da bakinta duka a ƙasa, a tura ta gaba kamar za a yanko hazo, a juya ta ta baya, a dawo da ita. Kunun yakan fara fari, sannan ya koma ruwan toka saboda ƙarfen da ya ci. A wanke, a ɗauko na tsakiya, a dama sabo mai laushi. A wanke, a ɗauko autan. Daga ƙarshe Baba yakan riƙa ɗiga ruwa yana tsinka kunun har ya zama ba komai a tsakanin aska da dutse sai ruwa tsagwaro. A lokacin ɗakin yakan cika da ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, ƙamshin da ya sa wani ɗan kasuwar Kwari ya taɓa fashewa da kuka a kan kujerar aski, ya ce sabulu ne ya shigar masa ido.

Maganarsa kaɗan ce, amma wanda ya ji ta ba ya mantawa. Da farko yakan ce shaa, shaa, kamar mai shara a tsakar gida da asuba. In an zo na tsakiya ya koma suu, suu. In autan ya hau sai muryar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har ta zama numfashin mai barci. Daga nan sai shiru. Shirun nan shi ne kalmarsa ta ƙarshe a kowace safiya, kuma ita Baba ke jira. Sai ya goga askar a fata, ya tsinko gashi ɗaya daga gemunsa, ya riƙe shi a iska, ya kawo bakin askar kusa. Gashin yakan faɗi kafin ido ya ga an taɓa shi.

Saboda Dattijo ne Baba ya samu bakin yi wa Saddique dariya. Saddique matashi ne ɗan Kumasi, yana da shagon aski a ƙarƙashin wani bene a titin Huanshi Lu, da madubai da kiɗa da injin aski kala-kala. In sun haɗu a gidan abincin Hajiya Shetu, Baba yakan ɗaga murya ya ce, “Mai yankan ciyawa, yau gona nawa ka share?” Saddique ya rusuna ya ce, “Baba, mu ma dai muna lallaɓawa.” Baba ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ranar da inji ya hau kan jaririn Bakano a garin nan alhali yana numfashi, to a ɗauka ya mutu bai sani ba.

Akwai wani hali na marigayin da ba wanda ya sani sai jiya, kuma Baba da kansa ya ba da izinin a rubuta shi, tunda mai rufe shi ya tafi. Shekara uku ke nan hannun daman Baba yana rawa. Ta fara da ɗan yatsa, a lokacin shan shayi. Ya je asibiti a ɓoye, likita ya sa shi ya miƙe hannu, ya zana layi a takarda, sannan ya gaya masa ta bakin tafintan waya cewa girma ne, za a iya rage ta amma ba za a kore ta ba. Baba ya lura rawar ba ta tashi sai in ya damƙe abu da ƙarfi ko ya danna. Askar da ta tashi daga kan Dattijo kuwa ba ta bukatar a danna ta. Ɗora ta kawai ake yi, nauyinta ya yi aikin, gashi ya riƙa zubowa kamar yana jin kunyar tsayawa. Haka wannan bawan Allah na dutse ya riƙa rufa wa tsoho asiri kullum safiya, bai taɓa gaya wa ko buta ba. Mutane suna cewa hannun Baba kamar iska. Ba su san rabin hannun a kan benci yake kwana ba, naɗe a tsumma.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi.

Ranar Talata da safe Baba ya fara shirya askar suna. Ya gama da babban nagura, ya kai na tsakiya, sai waya ta yi ƙara: jirgin mahaifiyar Surayya ya kusa sauka a filin jirgin Baiyun, Ghali kuma yana can yana fama da takardun haihuwa. Baba ya ce shi zai je tarbo ta, ai tsohuwa sai tsoho. Ya bar Dattijo a kan benci, a inuwa, da sauran kunu a fuskarsa, da niyyar ya dawo ya ƙarasa kafin la'asar. Dama tuni ya ba Ghali makulli ɗaya saboda akwai katan-katan na cajar waya da ya ajiye a ɗakin. Jirgin ya yi latti, latti mai tsanani, har Baba ya kwana wajen wani ɗan uwa mai harkar kago, wato aika kaya gida, a Huadu kusa da filin jirgin.

Da yamma Ghali ya zo ɗaukar kayansa, ya bar ƙofa a buɗe. Matar mai gidan ta hawo duba mitar ruwa, da ɗan farin karenta mai kama da auduga, wanda take sa wa riga in an yi sanyi. Ghali yana ƙirga katan, ya waiwayo, sai ya ga karen ya ɗora ƙafafu a kan benci yana lasar fuskar Dattijo, lasa ta marmari, har ya share kunun tas.

Ghali ya yi salati da ƙarfin da ya sa matar ta sunkuci karenta ta gangara tana surutu. Ya tsaya yana kallon dutsen. A ransa ba dutse yake gani ba. Kan 'yarsa yake gani, da askar da za ta tashi daga inda harshen kare ya bi ta sauka a kansa, ranar da za a raɗa mata suna. Ya kira Baba, wayar ba caji. Sai ya yi abin da duk ɗan da aka yi wa tarbiyya a gidan Kano zai yi in kare ya sa baki a ƙwarya: ya kai shi famfo ya wanke sau bakwai. Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ga baƙi-baƙi a gefe, ya ce wannan ai dauɗar shekaru ce, Baba ido ya fara rauni. Ya samo soson ƙarfe ya dirje ta har sai da dutsen ya fito fes, tsirara. Ya tafasa ruwa, ya zuba garin sabulu a bokiti, ya nutsa Dattijo a ciki ya ce ya kwana nan, ko me ya shiga jikinsa ya fito. Da gari ya waye ya ɗauraye shi, ya hau da shi rufin bene, ya kwantar da shi a kan siminti inda rana ta fi duka, yadda ya ga kakarsa tana shanya dutsen niƙa. Rana ce ta watan Agusta, irin wadda kwalta ke laushi a ƙarƙashin takalmi.

Duk abin da tsohon Bajapane ya hana, Ghali ya yi shi, ɗaya bayan ɗaya, da bisimilla, da kyakkyawar niyya.

Wata mata da ke shanya kaya a rufin maƙwabta ta ce ta ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Bayan ɗan lokaci ta sake jin wani. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe a duniya, kuma ba Bahaushe ko ɗaya da ya ji ta.

Baba ya iso bayan azahar, ya sauke tsohuwa a gidan 'yarta, ya hawo ɗaki ya tarar da benci wayam. Ghali ya biyo shi yana murmushi.

“Baba, albishirinka. Na yi maka aikin da ka daɗe ba ka samu mai yi maka ba.”

“Ina Dattijo?”

“Yana sama yana shan iska. Kare ne ya lashe shi jiya, na matar nan. Amma kada ka damu, wallahi yanzu ko liman ya gan shi sai ya yi taimama da shi. Har baƙar dauɗar nan ta gefe na fitar.”

Waɗanda suka san Baba sun san gwiwarsa ba ta son bene. Ranar a guje ya hau. Ya tarar da shi a kwance inda aka ajiye shi, kamar lafiya lau, sai dai wani siririn layi da ya ratsa shi daga kai zuwa ƙafa. Ya durƙusa ya sa hannu biyu zai ɗauke shi. Sai littafin ya buɗe. Falle ya zame daga kan falle, na sama ya rabu uku, wani ya marmashe a tafinsa kamar ƙanzo. Simintin yana ƙona masa gwiwa bai ji ba.

Ghali ya tsaya a bayansa, murmushin ya bushe a fuskarsa.

“Baba... ba a haɗa shi da gam? Akwai wani mai ƙarfi da muke manna gilashin waya.”

Baba bai waiwayo ba. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya shimfiɗa, ya riƙa tsince gutsattsarin yana jerawa a kai, har da waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba. Da ya gama ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ghali, riƙe min ƙofa in sauka.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ghali ya ce da marinsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Wani malami da ya zo jaje ya yi bayani cewa a mazhabarmu yawun kare bai kai a yi wa dutse wannan hidima ba, ɗauraya ɗaya ma ta wadatar. An gode wa malam. An roƙe shi kada ya maimaita a gaban Ghali.

Jiya Alhamis aka yi duk abin da ake yi wa wanda ba a son a yarda ya tafi. Baba ya gwada falle mafi girma, amma bai kai faɗin askar ba, kuma duk turawa sai wani ɗan ɓarɓashi ya ɓalle ya ci bakinta. Ghali ya rufe shagonsa, suka bi kasuwar kayan ƙarfe da ta kayan kicin shago-shago, yana nuna hoton marigayin a waya yana ce wa kowane mai shago, “Lawban, maigida, irin wannan.” Amsa ɗaya ce ko'ina: “Meyo, meyo,” wato babu. Wani ya fito musu da dutsen da aka buga wa jan hatimi, ya rantse daga Japan yake, Baba ya yayyafa masa ruwa ya shinshina, ya ji warin siminti, ya ajiye ya ce shishe, wato an gode. A intanet akwai masu kama da shi, amma wanda zai iso kafin Lahadi ba a san asalinsa ba, wanda aka san asalinsa kuma ba zai iso ba. Daga ƙarshe suka dawo da dutsen kamfani mai laushi, mafi kyau da aka samu. Baba ya dama masa kunu da nagura, marayun nan uku. Ya ce shaa, ya ce suu, amma bai yi shiru ba. Har Baba ya gaji bai yi shiru ba. Gashin gemu ya hau bakin askar ya lanƙwashe, ya zame, ya tsaya da ransa.

Abdul-Gafaru mai kago, ɗan zangon Kumasi, abokin Baba tun zuwansu garin nan, shi ya cire hula ya zauna a kujera.

“Sarkin Aska, ga kai kyauta. Gwada a nan. Kan nan ya sha kwantena ta faɗo masa bai fashe ba.”

“Tashi, Gafaru. Ba ranar wasa ba ce.”

“Wa ya ce wasa? In ka yanke ni ma riba ce, matata ta daɗe tana cewa ba jini a jikina sai lissafi.”

Baba ya jiƙa kan, ya ɗora askar. Ta ƙi tafiya da kanta. Ya ɗan danna. Ghali yana tsaye a gefe, ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani: wuyan hannun Baba ya karkaɗa, sau ɗaya, kamar an ja shi da zare. Wani jan layi ya fito a bayan kunnen Abdul-Gafaru, ya taru, ya gangaro wuyan riga.

“Sauro ne,” in ji Abdul-Gafaru, bai ko motsa ba. “Sauron garin nan ba su da tarbiyya. Ci gaba.”

Baba bai ci gaba ba. Ya danna masa auduga, ya naɗe askar, ya zauna a bakin benci ya ɗora hannun a cinya, su duka uku suna kallonsa yana rawa shi kaɗai. A nan ya gaya musu abin da Dattijo ya ɓoye shekara uku.

Ghali ya durƙusa a gabansa. “Baba, ni na jawo. Amma ko a haka na yarda. Kai ka aske ni, kai za ka aske ta. Sai mu riƙe ta da kyau, ka bi a hankali, ko rabin kan ne.”

“Ka taɓa sa yatsa a maɗigarta?”

“Na taɓa.”

“Me ke tsakanin yatsanka da ranta?”



Marigayin ya rasu ya bar marayu uku, Babba da Na-tsakiya da Auta, waɗanda ba su iya komai ba sai dama kunu a fuskar ubansu, yanzu suna cikin gwangwanin shayi suna karo da juna. Ya bar askar gado guda ɗaya, ƙirar maƙeran Kano, wadda ta yi wa kakanni aski kafin ta hau jirgi. Ya bar fatar guga da ke rataye a ƙusa, da buta, da tsumman da ya ɗauki siffarsa har yanzu bai saki ba. Ya bar kawuna masu yawa a Dengfeng da Xiaobei waɗanda za su koma gida da suma. Ya bar wani tsoho a Japan, in yana raye, wanda ba a da lambarsa balle a yi masa ta'aziyya. Ya kuma bar jaririya da ba ta da suna tukuna, wadda ba za ta taɓa sanin an yi wani mai suna Dattijo da ya fara shirin tarbarta ya kai rabi ba.

Baba ya ce a sanar cewa ya yafe wa Ghali duniya da lahira, kuma duk wanda ya ƙara kiransa mai wankan gawa a kasuwa, shi da Baba ne. Karen ma an yafe masa, ƙishirwa ce.

Ba za a yi wa marigayin salla ba, dutse ne, malamai sun riga sun ja kunne. An naɗe shi a farin ƙyalle, falle a kan falle yadda Allah ya jera shi, an sa a cikin zabirar mahaifin Baba. Gobe Asabar bayan sallar azahar za a sauko da shi daga hawa na huɗu, a bi da shi ta layin masu waya zuwa ofishin Abdul-Gafaru, wanda ya ce ba za a ɗora Dattijo a sikeli ba, shi zai kai shi Baiyun da kansa. Daga can jirgin kaya zai wuce da shi Kano, a ajiye shi a ɗakin da mahaifin Baba ya yi sana'a har ya bar duniya. Ana karɓar gaisuwa a gidan abincin Hajiya Shetu. An roƙi masu zuwa kada su kawo dutse, ko wane iri ne. Ya isa haka.

Game da askin jibi kuwa, an yanke magana yau bayan an sauko daga Juma'a, a gidan abincin nan, jama'a cike. Ghali ya sake roƙo, Abdul-Gafaru ya ce ko a ɗaga askin zuwa wani mako, wasu suka ce a nemi wanzami daga garin Yiwu. Saddique yana can ƙarshen tebur, ya sunkuyar da kai a kan faranti. Baba ya zaro askar daga aljihu, ya buɗe zabirar da yanzu ba ya zuwa ko'ina sai da ita, ya kwantar da askar a gefen farin ƙyallen, ya ɗaure bakin da hannun da kowa yanzu yake gani yana rawa. Sannan ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya yadda ya saba ɗagawa in zai yi tsokana, har na bakin ƙofa suka juyo.

“Saddique, ɗana. Jibi da hantsi ka zo gidan Ghali da injinka, mafi ƙanƙanta, wanda ba ya ƙara. Kai za ka aske ta. Ni zan tsaya a bayanka in nuna maka inda ba a dannawa. Askar nan kuma tare za su tafi gida da Dattijo. Na ajiye.”